Keken Baƙonmu Ne Ya Mayar Da Goshina Ƙasa

Ni ɗan liman ne, haifaffen Makama a cikin tsohon garin Yola. A lokacin da wannan abu ya same ni ina da shekara talatin da takwas, ina aikin gwamnati a Jimeta, ina da mata da 'ya'ya uku da wata tsohuwar mota da nake wanke ta fiye da yadda nake hawanta. Edita, na sakaya sunana da na kowa, don wasu suna raye, kuma abin kunyar nawa ne ba nasu ba. In ka tambayi mutanen unguwarmu za su ce maka ni mutumin kirki ne, ba zan ƙaryata su ba, amma ina da wani ciwo da ba a gani a fuska, wato son girma. Shaddata ba ta fita sai ta sha sitaci. Da aka hana hawan babur a gari saboda rashin tsaro, wasu abokan aikina suka koma zuwa ofis da keke, ni ne kan gaba wajen yi musu tsiya. Duk wanda ya shigo yana share gumi sai na tambaye shi ko ya sauke itacen da ya ɗauko kafin ya zo aiki.

Mahaifina, wanda kowa ke kira Modibbo kamar yadda muke kiran malamai a nan, shi ke limancin masallacin ƙofar gidanmu, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Ni ne na'ibinsa. In ya yi tafiya ko jikinsa ya motsa, ni nake shiga gaba. Shekaru sun ja masa, tsayuwa ta fara yi masa wuya, kuma ko da yake bai taɓa furtawa ba, kowa ya san ni yake jira in karɓe shi.

A shekarar da garuruwan arewacin jihar nan suka faɗa hannun masu tayar da ƙayar baya, Yola ta cika da mutanen da suka gudo, kuma jita-jita ta fi abinci yawa. Wata rana da azahar ina cikin kasuwa a Jimeta sai aka ji wata ƙara mai ƙarfi. Wani ya yi ihu cewa sun shigo, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ni ma na tattare babbar riga na zura da gudu, na zo tsallake wata kwata mai zurfi ta siminti, ƙafata ta hagu ta zurma, mutane suka bi ta kaina. Daga baya aka gano tayar wata babbar mota ce ta fashe. Na faɗi wannan ne don har yau akwai masu cewa hari ne ya rutsa da ni, kuma na daɗe ban gyara musu ba. Taya ce kawai da tsoro.

Ƙashin da ke ƙasan gwiwa ne ya karye, har ya taɓa gaɓar. Aka yi mini aiki a asibiti aka sa ƙarfe, kuma likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Da ƙashin ya fara kamawa aka tura ni wajen masu gashin ƙashi. Wata ma'aikaciya mai haƙuri ta nuna mini yadda zan riƙa lanƙwasa gwiwar kullum, ta ce in samu keke in riƙa juya feda a hankali, don babu abin da ke sake gwiwa kamarsa. Na ji maganar keke na yi murmushi kawai. Lanƙwasawar kuwa na gwada sau biyu, na ji azabar da ban taɓa ji ba, na bari. Mu an raine mu da cewa namiji ba ya ihu a gaban mutane, to tunda ba zan iya yi ba tare da ihu ba, sai na zaɓi in daina gaba ɗaya. Duk ranar da na koma asibiti ta tambaye ni ko ina yi, sai in ce mata ina yi. Da na gaji da ƙaryar na daina zuwa.

Na kwanta a gida na miƙe ƙafa a kan matashi, ana kawo mini kunu da gasasshen kifi, masu dubiya na shiga suna fita suna yi mini sannu. Gaskiya daɗin abin ya ratsa ni. Na yi tumbi, numfashina ya gajarta, ƙafar ta rame, gwiwar kuma ta sandare. Da na fara takawa da sanda zuwa masallaci sai na tarar ba zan iya kai goshina ƙasa ba. Aka ajiye mini wata farar kujerar roba a ƙarshen sahu, kusa da inda ake tara takalma. A nan nake salla, ina sunkuyar da kai a maimakon sujada. A karatun da muka gada, mai salla a zaune ba ya jan masu tsayuwa, don haka na'ibancina ya tsaya. Daga kan kujerar nan nake kallon tsoho mai shekara kusan tamanin yana dafa bango kafin ya miƙe daga sujada, ni kuwa da ya kamata in hutar da shi ina zaune kamar baƙo. Wannan ya fi karayar yi mini ciwo. Da na koma wajen likita a wata na shida, ya gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa lokaci na ƙure mini, in gwiwar ta ƙara 'yan watanni a haka, ni da sujada sai dai in ga ana yi.

A nan baƙonmu ya shigo labarin. Wani manomi ne daga ƙauyukan kan dutse na arewacin jihar, gajere, mai shekara kusan sittin, Kirista. Da aka ƙone ƙauyensu ya ɗora matarsa a kariyar wani tsohon baƙin keke, ya yi ta tuƙawa yana turawa har Yola. Matar da 'ya'yansu mata suka samu wuri a sansanin 'yan gudun hijira da ke Damare, shi kuma Modibbo ya gan shi zaune a gindin darbejiyar masallaci yana neman aikin yi, ya ba shi ɗaki kusa da zaure da aikin gonarsa ta Bako. Yaranmu suka sa masa Kawu, kowa ya bi. Keken nan shi ne kaɗai abin da ya fito da shi daga gidansa. Kullum da ƙafa yake zuwa gona, ranar Lahadi kawai yake hawansa ya je coci, daga nan ya wuce Damare ya ga iyalinsa.

Matata ce ta gaya masa maganar likita, don ta gaji da ni. Wata safiya ya turo keken bayan gida inda ba mai gani, ya ɗaga tayar baya a kan bulo biyu, ya ɗaure shi da igiya a jikin bishiyar mangwaro. Ya kwance sirdin ya ɗaga shi sama sosai, don ni dogo ne, ya ce in sirdi yana sama gwiwa ba ta lanƙwasuwa da yawa, in hau in gwada. Na ce masa ni ba yaro ba ne. Ya ce da Hausarsa ta mutanen dutse cewa ai keke ba ta san ɗan wane ne a kanta ba, ya ɗauki fartanyarsa ya tafi. Sai da na leƙa na tabbatar ba kowa sannan na hau. Fedar ta ƙi zagayawa. In tura gaba ta tsaya, in dawo da ita baya ta tsaya. Haka na yi ta lilo da ita safe da yamma, ina cije da hannun riga. A rana ta goma sha shida ƙafar ta haye sama ta zagayo, na ƙwalla ihun da ya sa kajin gidan suka watse. Matata ta fito da ludayi a hannu, ta tarar ina dariya hawaye na zuba.

Bayan 'yan makonni Kawu ya kwance igiyar. Na fara fita bayan sallar asuba, kafin gari ya waye sosai, na naɗe fuska da rawani kamar mai laifi, in bi hanyar Bako tsakanin gonaki in dawo kafin masu kai yara makaranta su fito. Sau ɗaya na faɗa cikin masarar wani, na tashi ina ba masarar haƙuri. Numfashina ya fara dawowa, cinyar ta fara cika. Abu ɗaya ne ya dame ni: duk ranar Litinin sai ciwon ya dawo sabo, kamar ban taɓa hawa ba. Zuwa Alhamis ya lafa, Litinin ta zagayo ya sake tashi. Na fara zargin ko ƙarfen da ke cikin ƙafar ne ya goce.

Wata Litinin na fito da wuri fiye da yadda na saba, sai na tarar da Kawu tsugune a gaban keken, da sifana a hannu ɗaya da ƙusa a ɗaya. Na matsa na duba ƙarfen da ke riƙe da sirdin, na ga zane-zane a jere, tsakanin kowane biyu kamar faɗin ɗan yatsa. Ashe duk Lahadi in ya sauke sirdin don ya hau, da zai mayar mini ba ya mayar da shi inda yake, sai ya rage kaɗan ya yi alama da ƙusa. Guda takwas na ƙirga, yana cikin zana na tara. Ke nan duk azabar Litinin ɗin nan shi ya shirya mini ita, ban sani ba.

Abin da na yi daga nan shi ne dalilin wannan wasiƙa. Na daka masa tsawa. Na tambaye shi yaushe ya zama likita. Na ce wanda ke ci a gidanmu yana kwana a gidanmu bai kamata ya mayar da ƙafar ɗan gida abin gwaji ba. Ban tsaya nan ba, shaiɗan ya ƙara zuga ni, na ce in dabara ce da shi haka, me ya hana ta tsare masa gidansa. Kalmar na fita na san na yi ɓarna, amma magana zarar bunu ce. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce a garinsu shi ke horar da shanun huɗa, kuma ba a taɓa gaya wa sa ranar da za a ƙara masa nauyi, in ya sani ba zai tashi ba. Ya ƙarasa ɗaure sirdin, ya ajiye sifanar a kan kariya, ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Da yamma ɗakinsa ba kowa. Ya tafi Damare, ya bar keken a jingine a gindin mangwaro.

Kwana biyu Modibbo ya zuba mini ido. A na uku bayan la'asar ya sa aka kira ni zaure. Da Fulatanci ya yi maganar, a hankali, yana kallon carbinsa. Ya ce taurin gwiwa shari'a ta yi masa uzuri, ta ba shi kujera, amma bai san kujerar da aka tanadar wa taurin kai ba. Ya ce mutumin nan ya rasa gida da gona da rumbu, abu ɗaya da ya rage masa ya ba ni aro, ni kuma na biya shi da gori. Ya ce in mayar masa da kekensa. Na ce gobe zan sa shi a bayan mota in kai. Ya ɗago ya dube ni, ya ce keken nan a kan tayarsa ya shigo gidan, a kan tayarsa zai fita, kuma da rana.

Washegari da hantsi na ɗaure ƙafar wando da roba, na hau. Ban taɓa sirdin ba, yana nan a zane na tara inda Kawu ya bar shi. Na fito ta ƙofar gida, ba rawani, a gaban masu shayi da masu jiran Keke Napep. Ina jin gaisuwa na tsayawa a bakin mutane. Na hau babban titin Jimeta, zafin Yola ya sauko a kaina, rigar ta manne a bayana. Kusa da ofishinmu, kamar an shirya, sai ga ɗaya daga cikin waɗanda nake yi wa tsiya, shi ma a kan nasa keken. Ya rage gudu ya jera da ni, ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni cikin ladabi ina na sauke itacen. Ba ni da numfashin amsawa, sai na ɗaga masa hannu. Ya raka ni har bakin gadar Binuwai yana dariya. A shingen jami'an tsaro na sauka na tura kamar kowa, ina ɗingishi, kogin Binuwai na ƙasa yana tafiyarsa. Daga can na sake hawa. Sau huɗu na tsaya a inuwa kafin in kai Damare, kuma sau huɗun sai da na yi tunanin juyawa.

Na same shi zaune a kan tabarma a gindin wata bishiya a wajen sansanin, yana gyara ƙotar fartanya, matarsa na gefe tana tsince wake, ga wasu dattawa. Na jingine keken. Na shirya kalamai tun daga gida, amma da na tsaya a kansa, ni dogo shi a zaune, na ga babu yadda za a yi in nemi gafarar mutumin nan ina kallonsa daga sama. A gidanmu ba a ba babba haƙuri a tsaye. Ban yi shawara da gwiwar ba. Na dafa ƙasa da hannu biyu na sauka, na ji kamar ana yage wani abu a cikin ƙafar, idona ya yi duhu, amma da na dawo hayyacina gwiwoyina biyu suna kan ƙasa. Rabona da haka wata goma. Na ce ya yafe mini, na maimaita abin da na faɗa masa a gaban kowa don kada in rage wa kaina laifi.

Kawu ko fuskata bai kalla ba. Gwiwar ya zuba wa ido. Ya kira matarsa da yarensu ta zo ta gani, ya zagaya ta bayana ya auna tazarar da ke tsakanin dugadugina da mazaunina da tafin hannunsa, ya ce saura, amma ta kusa. Sai da na sake roƙonsa sannan ya ce ai ya yafe tun a hanya, maganar ce dai ta yi masa nauyin da ba zai iya kwana da ita a ɗakin ba. Tashi kuwa ya gagare ni, sai da dattawa biyu suka kama ni. Komawa gida a kan feda ba ta taso ba. Kawu ya sauke sirdin daidai tsawonsa, ya ce in hau kariya. Haka ɗan liman mai sitaci ya ratsa Jimeta da la'asar, zaune a bayan keke, ƙafa ɗaya a miƙe, yana riƙe da rigar wani tsoho.

A makon nan na koma wajen ma'aikaciyar gashin ƙashi na gaya mata gaskiya, har da ƙaryar da na yi ta yi mata. Ta yi mini faɗa, ta yi wa dabarar Kawu ma faɗa, ta ce da ƙashin bai gama kamawa ba da an yi ɓarna. Sannan ta auna gwiwar, ta ce mu ci gaba, amma da saninta. Ta ƙara mini wasu motsa jiki da keke ba zai iya yi ba, na yi su, na yi ihu kuma, ban mutu ba. Kawu ya dawo ɗakinsa. Muka ƙara zane uku, wannan karon ni nake riƙe masa sifanar. Na fara zuwa aiki da keken, tumbin ya zube, na ajiye sanda.

Sujadar farko a ɗakina na yi ta, ni kaɗai, da walaha. Da goshina ya taɓa darduma na kasa ɗagowa, na yi ta kuka, ban san akwai kewar ƙasa irin haka a jikin mutum ba. Bayan wata biyu na daina zama a kujera a masallaci. Wata ranar Talata da azahar, ladan ya tayar da iƙama, Modibbo ya taka kamar zai shiga gaba, sai ya tsaya ya kama hannuna ya tura ni. Shi kuma ya juya ya bi bayan sahu a hankali har ƙarshe, ya jawo farar kujerar nan ta roba ya zauna. Ashe ya daɗe yana buƙatarta, ni na tare masa. Shekara biyu ya yi yana salla a bayana a kanta kafin Allah ya karɓi abinsa.

Da hanya ta buɗe Kawu ya koma garinsu da iyalinsa da kekensa. Na roƙe shi ƙarfen sirdin, na sa masa sabo. Yanzu ina da nawa keken, duk Asabar mukan haɗu mu 'yan kaɗan mu je gada mu dawo, cikinmu har da mai tambayar itace. Zaman tahiyata har yau a ɗan karkace yake, kuma in damina ta kama gwiwar takan tuna mini. Yaran unguwa suna kirana liman mai keke, ina amsawa. Duk kaka Kawu yakan bugo waya, kafin ya tambayi iyali sai ya tambayi gwiwa.

Abin da nake so in gaya wa masu karatu, musamman maza irina, shi ne kada kunya ta sa ku yi wa masu yi muku magani ƙarya. In an ce ku lanƙwasa, ku lanƙwasa, ku yi ihunku, ihu ba ya rage wa kowa daraja, kuma gaɓa ba ta jiran mutum ya shirya. Kada kuma wani ya karanta wannan ya je ya sauke sirdi ba da sanin likita ba, ni Allah ne ya rufa mini asiri. Sannan in akwai wanda rikicin nan ya kawo ƙofarku, ku kiyaye harshenku a kansa, domin tuwon da kuka ba shi bai sayi mutuncinsa ba, kuma ba ku san me ya zo muku da shi ba. Ƙarfen sirdin yana rataye a zaure, inda Modibbo yake zama. Zane goma sha biyu ne a jikinsa, duk a miƙe, ban da na tara. Shi ya karkace ya yi zurfi, don a kansa ƙusar take lokacin da na daka tsawar. Duk ranar da na ji kaina ya fara kumbura saboda mutane sun jeru a bayana, kafin in shiga masallaci nakan tsaya in sa yatsa a kansa.